LAUYA A CAJI OFIS BA NA MAI KUƊI KAƊAI BA NE

Jama'ar Araba da 'yan kasuwar Illela, ku saurara. Wanda ke fatauci tsakanin nan da Birnin Konni ya san yadda rikicin bashi, ko gardamar saniya, ke kai mutum caji ofis. Can ake rubuta jawabinsa, ya dangwala yatsa kan takardar da bai iya karantawa ba. Sau da yawa shari'a takan lalace tun daga nan, tun ba a ga alƙali ba.

A zamanin En'e an hana lauya tsayawa gaban alƙali. Yau ba haka doka take ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har ya gana da lauya. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu tsakanin kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba a madadin ɗansa, ta hana kama mutum don bashi kawai.

To, ina amfanin doka in babu mai tsaya mata? Tun 1976 Gwamnati ta kafa Hukumar Taimakon Shari'a don matalauta. Daga baya aka fito da shirin aika lauyoyi caji ofis kyauta, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin waɗanda aka fara gwada shi. Muna roƙon hukuma ta ajiye irin wannan lauya a Illela, kada a tara su duka a birni.

Ku kuma samarinmu masu karatun shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga aiki. Ba shi da maiƙo kamar shari'ar kamfani, akwai tashin dare da zaman benci. Amma wanda ya fid da talaka daga tsarewar zalunci ya ciyar da gida guda.

'Yan kasuwa, kada ku jira. Ƙungiyarku ta riƙa tara taro da sisi, ta ɗauki lauya tun rana ba ta ɓaci ba. In an kama ɗayanku, ya yi ladabi, ya ce sai lauyansa ya zo. Beli kuwa kyauta ne, ko kwabo kada ya biya.

Allah ya kiyashe mu da zalunci, amin.