Kafin a Ce Batirin Jabu Ne, a Duba Saitin Cajar

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ta koma kayan ajiya a gidaje da dama na cikin birnin Kano. Daga Yakasai zuwa Gwammaja, faifan sola sun hau rufi, inbata ta samu gurbi a zaure. Sai dai ƙorafin da ya biyo baya iri ɗaya ne: batirin da aka yi wa alƙawarin shekara biyar ya kwanta kafin ya cika biyu. Hukuncin da ake yankewa nan take shi ne jabu ne. Jabu kam akwai shi a kasuwa, babu musu. Amma a ganina batura da yawa lafiyarsu ƙalau suka shigo gida, saitin caja ne ya cinye su sannu a hankali.

A Turai akwai motocin da iyali ke kwana a ciki lokacin yawon hutu. Kowacce tana da batir biyu: ɗaya na tayar da inji, wanda ke ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, ɗaya kuma na fitilu da firiji, wanda ake zuƙa a hankali har tsawon dare. Abin da mai irin wannan mota ke fara koya shi ne sanar da caja wane irin batir aka haɗa mata. Batirin inbatarmu ɗan gidan na biyun ne, shi ya sa mai ɗaura batirin mota a inbata asarar kuɗinsa kawai yake yi.

Caja mai kyau tana aiki a matakai uku: ta tura wuta da ƙarfi, ta tsaya a wani awo har batir ya ƙoshi, sannan ta sauko ta riƙe shi a cike. A batirin ruwa mai bolt 12, awon ƙoshi yana tsakanin 14.4 da 14.8, na riƙo kuma kusan 13.5. Batirin jel bai son a wuce 14.4. Na litiyam yana cika a wajen 14.2 zuwa 14.6, kuma shi da na jel ba su jure zagayen caji mai tsanani, sama da bolt 15, da ake yi wa batirin ruwa jefi-jefi don daidaita ɗakunansa. Bambancin rabin bolt ne, ga ido ba komai ba. Ga batir kuwa, ƙasa da awo yana sa farin gishiri ya daskare a farantan dalma, sama da awo yana ƙafar da ruwansa.

Inda Kano ta bambanta shi ne zafi. Duk waɗannan alƙaluma an tsara su ne a kan ma'aunin zafi 25. A bazara muna kaiwa 40, ɗan ɗakin ajiya marar taga da ake cusa batura a ciki kuwa ya fi haka. Ƙa'idar masana'anta ita ce a rage awon cajin batirin dalma da kusan bolt 0.3 a irin wannan zafi, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana iya raba rayuwarsa biyu. Cajoji da dama suna zuwa da ɗan wayar auna zafi don yin wannan gyara da kansu. Sau nawa ake barinsa a kwali? Ga kuma iskar haidurojin da batirin ruwa ke fitarwa, wadda ke kama wuta idan ta taru a rufaffen wuri.

Laifin masu haɗawa ne, amma ba nasu kaɗai ba. Ma'aikacin banki ko likitan da ba zai sa hannu a takardar fili bai karanta ba, shi ne zai zuba dubban ɗaruruwan naira a batura bai tambayi lamba ko ɗaya ba. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, a nemi mai haɗawa ya rubuta nau'in batirin da ya zaɓa a na'ura, awon ƙoshi da na riƙo, da ƙarfin cajin, wanda ga batirin ruwa mai 200Ah bai kamata ya yi nisa da amfiya 20 ba. A tambaye shi kuma a wane awo inbata za ta kashe kanta, domin batirin dalma ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa. Sai a gwada abin da ya rubuta da takardar da ta zo da batirin, a manna kwafi a bangon da ke kusa da na'urar.