Soyayyar da Ba A Faɗa da Baki

Dutse ba ta san teku ba, duwatsu da dabino ta sani. Saboda haka wani zai yi mamakin abin da ya haɗa ɗalibin ƙasar nan da labaran jiragen ruwan yaƙi na Turawa. To, akwai darasi a cikinsu ga duk mai niyyar rubuta labarin kakanninmu.

Patrick O'Brian, marubucin Ingila da ya rasu a 2000, ya kammala littattafai 20 a kan zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, na farkonsu ya fito a 1969. Taurarin labarin biyu ne: Jack Aubrey, kyaftin ɗin jirgi, da Stephen Maturin, likitan jirgin. Suna cin abinci tare, suna goga gogensu tare da dare, suna kiran juna da kalmomi masu taushi irin waɗanda Baturen yau ba zai faɗa wa kowa ba sai budurwarsa. Wasu masu karatu na zamanin nan sun ji haka, suka ce lalle akwai wata ɓoyayyiyar soyayya tsakanin mazan nan biyu. A ganina sun saurari maganar jiya da kunnen yau. Haka aminai suke magana a wancan zamani. Soyayyar da aka ɓoye da gaske ita ce ta Maturin ga Diana Villiers, wadda ya daɗe yana zuba ta cikin littafin sirrinsa da wani rubutu mai wuyar warwarewa, har ta kusa sa aminan biyu su harbi juna.

Abin lura shi ne, abin da aka faɗa a fili abota ce, abin da aka yi shiru a kansa shi ne so. Ashe ba haka Bahaushe yake ba?

Kalmar masoyi ba ta saurayi da budurwa kaɗai ba ce. Sarki yana da masoya, malami ma haka, kuma mawaƙan bege sun daɗe suna amfani da zafafan kalmomin ƙauna wajen yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954, tsohuwar ta bayyana yadda mata ke ƙulla ƙawance da kyaututtuka, zumuncin da kan daɗe fiye da wani auren. Baƙon da bai san al'ada ba zai iya yi wa wannan irin fassarar da ake yi wa Aubrey da Maturin. A ɗaya gefen kuwa, matar da ta fi kowa son mijinta ba ta kama sunansa, sai dai Malam, ko Maigida, ko kuwa "shi" kawai. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, a gaban mutane ma sai ta yi kamar ba ta gan shi ba. Saurayi kan aika goro ko toshi ta hannun ƙanwa. 'Yan mata na da zaurance don kada manya su gane, matan aure na da habaici a bakin dutsen niƙa. Wanda bai iya karanta kunya ba zai rantse mutanen nan ba su san so ba.

Marubutanmu na farko sun san wannan. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ƙaunar da ta riƙe labarin ita ce ta uwar da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta, kuma tafiyar ce ta nuna ƙaunar. Daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 zuwa ambaliyar littattafan soyayya na Kano, masoya suka sami baki. Ban ga laifin wannan ba, domin labaran samarin zamaninsu ne. Inda nake da ja shi ne in marubuci, ko mai shirya fim, ya ɗauki wannan bakin ya manna wa mutanen da suka rayu kafin zuwan Turawa. Sai ka ji jarumi sanye da sulke, bisa ingarma, yana zuba wa gimbiya kalaman da a saƙon waya kaɗai ake jinsu. Tufafin na da ne, harshen kuwa na bana.

'Yan'uwa ɗalibai, ba mu rasa abin rubutawa ba. Ga hare-haren Ningawa a kan garuruwan kudu maso gabashin ƙasar Kano a ƙarni na 19. Ga Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, wanda Yusufawa suka kafa sansaninsa a Takai, maƙwabciyarmu. Mai son kwatankwacin jirgin ruwa kuwa, ya dubi ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro: maza ne a ƙarƙashin madugu da jagaba, watanni suna hanya, kowa ya bar wata a gida, kuma ba mai ambaton ta a zango. Yaya falke yake sallama da matarsa alhali mahaifiyarsa na zaune a tsakar gida? Mene ne take sa masa a cikin guzuri wanda shi kaɗai zai gane ma'anarsa? A nan labarin yake, sai dai ba ya rubutuwa da ƙamus.

O'Brian ya tono harshen mutanensa daga wasiƙu da rahotannin jiragen wancan zamani. Namu harshen yawancinsa ba a rubuce yake ba, yana bakin tsofaffin Garu da Kiyawa da Birnin Kudu, kuma kowace damina suna raguwa. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutse a 2011 ba ta da nisa da zaurukansu, wayar da ke aljihun kowannenmu kuma tana ɗaukar murya. Sai dai mai zuwa ya sani, in ya tambayi tsohuwa kai tsaye ko ta so mijinta, tsaki zai samu. Ya tambaye ta abin da ta dafa ranar da ya dawo daga tafiya.