Shaidar Dutse: Labarin Tsuntsu Mai Haƙora

A wannan mako za mu ɗan ratse daga hanyar da muka saba bi, mu yi magana a kan wani tsuntsu wanda babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa jin kukansa ko ya ga tashinsa, amma ga shi an shafe fiye da shekara 160 ana gardama a kansa. Tsuntsu ne mai haƙora a baki, da farata a fukafukai, da doguwar jela mai ƙashi irin ta ƙadangare. Mun san wasu daga cikinku za su ce wannan ai tatsuniyar Turawa ce, wasu kuma su karɓa hannu bibbiyu don kawai daga Turai labarin ya fito. Duka biyun gaggawa ce, kuma tarihin tsuntsun nan kansa zai nuna mana dalili.

A kudancin ƙasar Jamus, cikin jihar Bafariya, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Solnhofen, wanda ya yi suna saboda dutsen farar ƙasa da ake haƙowa a kewayensa. Dutse ne mai santsi ƙwarai, yana ɓarewa falle-falle kamar shafukan littafi. Tun daga 1796, lokacin da Alois Senefelder ya gano dabarar buga rubutu da zane a kan irin wannan dutse, kasuwarsa ta buɗe, har ya zama leburori suna ɓare shi da hannu, suna duba kowane falle ɗaya bayan ɗaya don kada a sayar da mai aibi. Wannan duban tsanaki shi ya sa suke yawan cin karo da siffofin kifaye da jatan lande da ƙwari kwance cikin dutsen.

Masana tarihin ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, wurin nan tsibirai ne da tafkuna a gefen wani teku mai ɗumi. Ƙasan tafkunan gishiri ya yi masa yawa, kuma babu iskar shaƙa a cikinsa, saboda haka duk abin da ya mutu ya nutse, babu tsutsa ko kaguwar da za ta je ta cinye shi. Sai laka mai laushi ta rufe shi a hankali, ta daskare, ta zama dutse. Idan aka ɓare dutsen a yau, sai a sami ƙashin a falle ɗaya, gurbinsa kuma a ɗaya fallen, kamar hatimi da tambarinsa. Muna roƙon masu karatu su riƙe wannan batu na falle biyu, domin za mu komo kansa.

A cikin 1861 wani masani Bajamushe, Hermann von Meyer, ya ba da bayanin gashin tsuntsu ƙwaya ɗaya tak da aka samu a dutsen, ya kuma raɗa sunan Archaeopteryx, watau "tsohon fiffike" da harshen Girka. A shekarar nan aka haƙo ƙwarangwal kusan cikakke, sai dai ba kai, da tambarin gashi a fukafukai da jela. Ya faɗa hannun wani likita, Karl Häberlein, wanda yakan karɓi irin waɗannan duwatsu daga masu haƙar dutse a madadin kuɗin magani. A 1862 gidan tarihi na Landan ya saye shi tare da sauran duwatsun likitan a kan fam 700, kuɗi mai tsoka a wancan zamani.

To, shekara biyu kacal kafin samun tsuntsun, watau a 1859, Charles Darwin ya fitar da littafinsa a kan yadda jinsunan halittu suke sauyawa daga wani zuwa wani, Turai kuwa ta rabu gida biyu a kansa. Kowane ɓangare ya zura wa dutsen ido. Andreas Wagner na birnin Munich, mai adawa da Darwin, bai jira ya ga dutsen da idonsa ba. Bisa labari da zanen da aka kawo masa ya yanke hukunci cewa wannan ƙadangare ne kurum, har ya ba shi wani suna dabam. Richard Owen na Landan shi ma abokin gabar Darwin ne, amma shi ya sa aka sayo dutsen, ya zauna ya duba, ya rubuta a 1863 cewa tsuntsu ne, bai kuma ɓoye doguwar jelar mai ƙashi ba. A ganinmu Owen ya fi Wagner adalci nesa ba kusa ba, ko da yake ra'ayinsu game da Darwin ɗaya ne.

Wanda ya fi kowanne kyau an same shi ne wajejen 1875 kusa da garin Eichstätt. An ruwaito cewa manomin da ya haƙo shi ya sayar da shi ne don ya sami kuɗin sayen saniya. Daga hannu zuwa hannu ya kai ga ɗan likitan nan Häberlein, kuma sai da attajirin masana'antu Werner von Siemens ya fitar da mak 20,000 kafin ya zauna a gidan tarihi na Balin, inda yake har yau. Yana kwance, fukafukai a shimfiɗe, wuya ya lanƙwashe baya, kai cikakke, ga ƙananan haƙora a jere.

Girmansa bai wuce na hankaka ba. Gashin fukafukansa irin na tsuntsaye masu tashi ne, gefe ɗaya siriri, ɗaya mai faɗi, kuma yana da ƙashin nan mai kama da gwafa da muke gani a ƙirjin kaza. Amma yatsu uku na kowane fiffike a rabe suke, kowanne da farce, jelarsa kuwa tana da gaɓoɓin ƙashi kimanin 20, alhali tsuntsayen yau ɗan dunƙulen ƙashi ne kawai a bindinsu. A 2018 an haska ƙasusuwan fukafukan da wata babbar na'ura a Grenoble ta Faransa, aka ga sun fi kama da na tsuntsaye masu tashi na ɗan taƙi. Ku ɗauka kamar makwarwa ko zabo, a yi fir a sauka nan kusa.

Idan aka cire gashin, abin da ya rage yana kama ƙwarai da ƙananan dainoso masu cin nama. Dainoso su ne dabbobin nan na zamanin da, dangin waɗanda aka tono ƙasusuwansu a Gadoufaoua cikin saharar Agadas, har ake nuna wasu a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Kamar ta kai ga wani ƙwarangwal da aka haƙo a 1951, wanda tambarin gashinsa bai fito sosai ba, ya shafe fiye da shekara 20 ana ɗaukarsa ɗan ƙaramin dainoso, kafin a gane tsuntsun nan ne. Irin wannan kama ita ce ta sa Thomas Huxley tun a 1868, da John Ostrom na Amurka bayan shekara ɗari, suka ce tsuntsaye da dainoso dangi ne. A kan wannan ra'ayi kusan dukkan masana fannin suke a yau, musamman tun 1996 da aka fara haƙo dainoso masu gashi a lardin Liaoning na ƙasar Sin.

Yanzu ga inda muke so mu daɗe. A 1985 Fred Hoyle, shahararren masanin taurari na Ingila, da abokin aikinsa Chandra Wickramasinghe da wasu, suka fito a wata mujallar masu ɗaukar hoto suka ce dutsen Landan jabu ne. Da'awarsu ita ce wani ya sami ƙwarangwal ɗin ƙaramin dainoso, ya shafa masa kwaɓin garin dutse, ya danna gashin tsuntsun zamani a kai. Jaridu suka yi ta yayatawa, domin Hoyle ba ƙaramin mutum ba ne. Amma fa sanin taurari dabam, sanin dutse dabam, kuma hujjarsu mafi yawa daga hotuna suka ɗauko ta.

Ma'aikatan gidan tarihin, ƙarƙashin Alan Charig, suka koma kan dutsen da madubin ƙara girma, suka buga amsarsu a mujallar Science a 1986. Ba su sami alamar kwaɓi ko danƙo ba. Abin da suka samu shi ne waɗansu tsagogi sirara kamar silin gashi, waɗanda suka ratsa ta wurin da tambarin gashin yake suka shige cikin sauran dutsen, ma'adini ya cike su tun zamani mai nisa, kuma kowace tsaga da ke falle ɗaya tana da 'yar'uwarta daidai wa daida a ɗaya fallen. Haka ma waɗansu zane-zanen ma'adini masu kama da rassan itace, suna nan a fallayen biyu suna fuskantar juna. Mai yin jabu a 1861 ba shi da hanyar ƙirƙira wannan. Bugu da ƙari, a 1992, shekara 7 bayan zargin, aka sake haƙo wani kusa da Langenaltheim, shi ma da gashinsa.

Kada mai karatu ya ce ashe ke nan ba a yin jabu a wannan fanni. Ana yi, kuma an kama. A watan Fabrairu na 1999 aka sayar da wani dutse a kasuwar duwatsu ta Tucson a Amurka kan dala 80,000. An fito da shi ne daga Liaoning ta ɓarauniyar hanya, babu wanda zai iya cewa ga ramin da aka haƙo shi, ga wanda ya haƙo. Jikinsa na tsuntsu, jelarsa ta dainoso, watau daidai abin da ake marmarin gani. Manyan mujallun kimiyya biyu, Nature da Science, suka ƙi buga bayaninsa, amma mujallar National Geographic ta yi azarɓaɓi ta buga a watan Nuwamba, da sunan Archaeoraptor. Ba a rufa wata biyu ba sai wani masani ɗan ƙasar Sin, Xu Xing, ya ci karo da ɗaya fallen jelar, ya tarar tana manne da jikin wata dabba dabam. Ashe gutsattsarin halittu dabam-dabam aka harhaɗa da danƙo don a sami kuɗi. Mujallar ta amsa kuskurenta a bainar jama'a a 2000.

Ɗaliban hadisi za su ga wani abu da suka sani a nan. Malamanmu ba su karɓar ruwaya don ta yi musu daɗi, ba su kuma jefar da ita don ta yi musu nauyi. Sukan bi isnadi su ga ta hannun wa da wa ta biyo, sa'an nan su auna matanin. Dutsen Landan an san yankin da aka haƙo shi, an san likitan da ya riƙe shi, an san wanda ya saya da nawa aka biya, kuma da aka bincike shi ya tsaya. Na Tucson isnadinsa a yanke yake tun daga tushe. Abin lura kuma, hujjar da ta wanke na farko ita ce ta tona asirin na biyu, watau ɗaya fallen.

Saboda haka muke jan hankalin masu wa'azi da masu rubutu cikinmu. Mutum yana iya yin muhawara a kan fassarar da ake yi wa waɗannan ƙasusuwa, su kansu masanan suna yi. Wani guntu da ke gidan tarihi na Teylers a ƙasar Holan, an haƙo shi a 1855, an fara ɗaukarsa ƙadangare mai tashi, a 1970 Ostrom ya ce tsuntsun nan ne, a 2017 kuma aka sake duba shi aka ce wani jinsi ne na kusa da shi. Ko gashin nan na farko, an yi jayayya a 2019 da 2020 a kan ko nasa ne. Amma wanda ya hau mumbari ko ya ɗauki alƙalami ya ce dutsen kansa ƙarya ne, yana maimaita zargin da aka rushe tun 1986, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Ranar da ɗalibinsa ya je jami'a ya gane haka, ba wannan magana kaɗai zai yi shakka a kanta ba, har da sauran abin da ya ji daga bakin malamin.

Har yanzu kuwa dutsen Bafariya bai gama ba da labari ba. A 2025 aka buga bayanin wanda aka lissafa na 14, wanda gidan tarihi na Field a birnin Shikago ya samu a 2022. An share shi da taimakon wani haske na musamman don kada a kankare abin da ido ba ya gani, sai ga tambarin wani jerin gashi tsakanin gwiwar fiffike da jiki, wanda ba a taɓa ganinsa sosai a sauran ba, irin wanda ke toshe giɓi don iska ta ɗauki tsuntsu.

Ɗaya daga cikin 14 ɗin ba ya hannun kowa da aka sani. An haƙo shi a 1956, mai mahaƙar dutsen ya ba da aronsa ga wani ɗan gidan tarihi na Maxberg, daga baya ya ɗauke abinsa ya kai gida, ya hana masana dubawa. Da ya rasu a 1991 aka bincika gidan ba a ga dutsen ba. Abin da ya rage a hannun masana sai hotuna da kwafin da aka zuba tun kafin ya ɓace.