Ƙasar Shanu, Tukunyar Jijiya

Bara da bazara wani aminina ya sauka a gidana a Tanut, kan hanyarsa ta zuwa Agadas. Tun muna 'yan makaranta a Damagaram yake tsokanata wai mu mutanen Damargu da nama ake yaye mu. To, ga baƙo ya zo, ai sai a fita kunya. Rana ta riga ta take, ƙyuya kuma ta hana ni fita, sai na ba yaro jaka biyu na ce ya ruga kasuwa. Ya dawo da leda cike, yana ta murna an yi masa gyara. Uwargida ta ɗora tukunya bayan azahar. La'asar ta yi, ta ƙara ruwa, ta jefa 'yar kanwa. Har aka kira magariba naman nan yana nan kamar daga tayar mota aka yanko shi. Baƙona ya ja wata tsoka da haƙori, ita ma ta ja shi, ya ajiye ta a gefen kwano ya ce, "Malam, wannan saniya da idonta ta ga farin 1984."

Na yi dariya, amma abin ya ci mini rai. Daren nan da mahauta na kwana a bakina. Yau, bayan shekara guda ina sammakon zuwa mayanka, na sauka daga kan wannan ra'ayi. Mahaucin banza yana nan, ban wanke shi ba. Sai dai yawancin mummunan naman da ke shiga tukwanenmu mu masu saye ne muka yi odarsa, da irin kuɗin da muke miƙawa, da lokacin da muke zuwa, da wanda muke aikawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ta Tanut, ko ta Belbeji, ko Bakin Birji, ya san ba dabba muka rasa ba. Muna zaune ne daidai inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara. Iyakar noma da dokar 1961 ta shata a wannan yanki namu take. Ga jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, ga Azawak, ga tumaki uda da balami, ga raƙuma. Amma ka tsaya har la'asar ka ga wanda ake korawa cikin manyan motoci. Bijimin da tozonsa ke rawa, da ragon da aka turke wata huɗu ana ɗura masa dusa da harawa, ba mahaucin Tanut ke sayensu ba. Suna bin kwalta su yi kudu, kimanin kilomita 150 zuwa Damagaram, daga nan wasu su tsallaka Maigatari ranar Alhamis ko Mai'aduwa ranar Lahadi, su ƙare a tukwanen Kano da Legas. Abin da ya rage a turke bayan dillalai sun gama da manyan 'yan kasuwa, tsohuwar saniyar da ta daina haihuwa, akuyar da haƙoranta suka zube, shi mahaucinmu yake tayawa.

Wasu na cewa maganin abin shi ne a hana fitar da dabbobi. A 2025, gab da babbar salla, gwamnati ta dakatar da fitar da su don rago ya yi sauƙi a cikin gida. Na fahimci dalilin, amma ni ban ga nan gyaran tukunyarmu yake ba. Makiyayin da ya yi shekara biyar yana bin sa da guga a bakin rijiya mai gaba talatin yana da haƙƙin ya sayar inda aka fi taya masa. In an toshe masa kudu, shi aka kashe wa kasuwa, kuma ba shi zai sa mai dala ɗari ya ci tozo ba.

Washegarin tafiyar baƙona na je mayanka bayan sallar asuba, niyyata in yi faɗa. Na tarar da wani dattijon mahauci, sa'an mahaifina, yana tsugune yana wasa barho. Na zayyana masa abin da ya faru. Bai ɗago kai ba ya ce, "Wa ka aiko?" Na ce yaro. "Da wane lokaci?" Na faɗa. "Ka ce masa ya zo wurin wane?" Na yi shiru. Sai ya ce, "To, Malam, kai ka aiko a ba ka abin da ya rage, an kuwa ba ka." Na ce, "Baba, ai amana ce." Ya ce amana tana tsakanin waɗanda suka san juna, shi kuwa wanda ya sayar wa yarona bai san ko tukunyar wa za ta dafa ba.

Ban yarda da shi duka ba, don cuta cuta ce ko an san ka ko ba a san ka ba. Amma ya buɗe mini lissafin da ban taɓa yi ba. Mahauci yakan karɓi dabba bashi daga hannun dillali, a kan zai biya in ya sayar. Ya biya kuɗin yanka. Ya sallami yaran da suka yi fiɗa da masu wankin kayan ciki, ko da kuɗi ko da fince. Sannan ya zauna a rumfa, a garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ba firji, yana tsere da rana. Mu kuma mu zo, kowa so yake kashin dala ɗari ya cika masa tafin hannu biyu, a ɗora gyara, rabinmu kuma mu ce a rubuta sai ƙarshen wata. Mutumin da aka matsa wa haka, in ya shiga kasuwar dabbobi, wace zai nufa? Wadda ta fi araha. Araha kuwa ba ta ado, balle romo.

Abin da na koya a wannan shekara ba wani asiri ba ne, iyayenmu mata sun san shi, mu ne muka yi sakaci. Nama da safe ake sayensa, kafin hantsi ya dubi ludayi, lokacin da cinya da karfata ke rataye ɗungum, kana ganin daga jikin da za a yankar maka. In an riga an daddatsa an kasa, ba ka san me aka cusa a ƙarƙashin kashin ba; tsoka biyu a sama, jijiya da ƙashi a ƙasa, tsohuwar dabara ce. Ka danna tsoka da yatsa. Ta lafiyayyar dabba tana da tauri-tauri, tana dawowa, ba ta naso. In ka ga nama ya yi jiƙe-jiƙe, kitsensa ya zama kamar majina maimakon ya daskare, dabbar ta rame ne har jikinta ya fara cin kansa, kuma ko ka kwana kana dafawa ba za ka samu ɗanɗano ba. In ya yi baƙi-baƙi, jini ya kwanta a cikin jijiyoyinsa, a yi hattara: sau da yawa alama ce ta dabbar da aka kai wa wuƙa tana gargara, jinin bai fita ba. Ni kuma kullum sai na ce a nuna mini hanta, ko ba ita zan saya ba. Hanta ba ta iya ƙarya. Mai santsi, mai launi ɗaya, ta gaya maka dabbar ta ci ta sha. Mai tabo, mai fararen hanyoyi masu tauri a ciki, ko ƙulli-ƙulli, ta gaya maka sauran labarin.

Sai hatimi. Mutane da yawa suna ganin shuɗin tawadar nan a jikin cinya su ɗauka ƙazanta ce, har na taɓa jin wata na cewa a yanke mata wurin. Wannan tawada ita ce shaidar cewa ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi ya duba naman bayan yanka, ya tsaga huhu da hanta da kaluluwa, bai ga abin da zai hana ci ba. Ba ta ce naman zai yi taushi ba. Tsohuwar saniya mai lafiya ita ma tana samun hatimi. Amma ita ce ta raba naman mayanka da wanda aka yanka a bayan gida da tsakar dare. Kuma ba don nishaɗi ake kai dabba bayan gida ba. Wani gudun kuɗin yanka yake, wani kuwa ya san in likita ya ga huhun nan ƙwacewa zai yi.

Kada a ɗauka tsoratarwa nake. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara, ya kashe dabbobi, ya kashe mutane da dama, kuma yawancin waɗanda ya kama makiyaya ne da masu taɓa jini da naman dabbobin da suka kamu. Ƙasar kiwo ce irin tamu, dabbobinsu da namu suna haɗuwa a mashaya ɗaya in an hau arewa da damina. Ga tarin fuka da ke zaune a huhun shanu. Ga cutar saifa, wadda dabba ke faɗuwa farat ɗaya, mai ita ya yi maza ya yanka don kada ta zama mushe, a raba naman gida-gida a matsayin abin arziki. Akwai kuma wadda ba a cika magana a kanta ba. Allurar dabbobi yanzu a kan tabarma ake sayar da ita ranar kasuwa, kusa da igiya da gishiri. Makiyayi ya ga saniyarsa ba ta jin daɗi, ya danna mata allurar nan mai ruwan ɗorawa, in ba ta tashi ba bayan kwana biyu ya kai ta kasuwa. A jikin kwalbar an rubuta a jira makonni kafin a yanka, amma wa ya karanta? Na ga wurin irin wannan allura da idona a cinyar wata saniya: tsokar ta yi rawaya, ta yi ruɓu-ruɓu, faɗin tafin hannu. Dattijon nan ya zagaye wurin da wuƙa ya jefa wa karnuka. Sauran maganin da ya bi jini fa, wace wuƙa za ta cire shi?

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da kaka, dabbobi sun dawo daga arewa sun ƙoshi, sun shiga gonaki suna cin kara da harawa, ko makaho ya sayi nama mai kyau. Daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwan farko kuwa, saniya ƙashi da fata ce. Waɗanda suka ga 2010 sun tuna yadda shanu suka riƙa zubewa, har ƙungiyoyin agaji suna saye suna yankawa ana shanya naman. A irin waɗannan watanni ni na daina nacin naman sa. Akuya ta fi jure fari, tana kai bakinta ga ganyen ƙaya inda saniya ba ta iyawa, raƙumi ma haka. In kuwa ana son na sa mai kyau, a koma ga watanda: mutum goma ko goma sha biyar su haɗa kuɗi, su sayi turkakke guda da suka gani da ransa, su kira mahauci su biya shi ladan aikinsa, a kai mayanka likita ya duba, a kasa daidai. Mun yi haka sau uku a unguwarmu. Rigima ɗaya muka samu, a kan wanda zai ɗauki langaɓu.

Da yamma kuwa labarin ya koma tukuba. Ba na zargin tsire da balangu, su ne firjin kakanninmu, su da kilishi: abin da bai ƙare da rana ba wuta da yaji su tsare shi. Kilishin ƙasar nan har rajista ya samu a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, da sunan Nijar, kuma ya cancanta. Amma yaji da ƙuli-ƙuli suna rufa asiri fiye da kima. Mai tsiren da nake zuwa wurinsa, na san rumfar da yake ɗaukar namansa da safe. Wanda ban san inda yake samowa ba, ko ƙamshinsa ya biyo ni har gida, sai dai in haɗiye yawu.

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai saye. Duk hukumar da ke karɓar kuɗin yanka a kan kowane kai, a ko wane gari take, ya kamata a ga kuɗin nan a ƙasa: daɓen siminti, ƙugiyoyin rataya, ruwa mai gudu, magudanar jini, da rumfar da aka kewaye da raga saboda ƙuda. Ba a ce a gina mana irin mayankar Yamai mai ɗakin sanyi ba. Ma'aikaci guda kuma ba zai iya zagaye kasuwannin ƙauye na ƙasa mai faɗin Damargu ba, ko da babur ɗinsa bai taɓa rasa mai ba. Nan ne nake ganin an yi sake da sarkin fawa. A da shi ke sanin dabbar da ta shigo, da ta wane ce, da wanda ya yanka. Naman sata ko na mushe bai isa ya hau tebur bai sani ba. Yanzu a wurare da yawa sai ranar hawan ƙaho ake tuna da shi. A haɗa shi da likitan dabbobi, a ba maganarsa nauyi, ya fi mu sanin wanda ke yanka da dare.

Mu ma sai mun rage raina sana'ar. Mutumin da muke ƙyamar ba shi 'yarmu, muke kira da sunan aikinsa kamar zagi, shi muke so ya riƙe mana amanar abin da za mu sa a bakin 'ya'yanmu. Ban san inda aka taɓa yin haka aka ci riba ba.

Ni dai yanzu mahaucina ɗaya, dattijon nan. Ina zuwa da ƙafata, ina biya a take, ba na neman gyara, kashin da yake ba ni kuma bai kai na maƙwabcinsa girma ba. Ranar wata Juma'a cikin watan Mayu na iso da sassafe, ga nama rataye, hatimi da komai. Na miƙa jaka biyu. Ya dubi kuɗin, ya dubi cinyar, ya tura mini hannuna baya.

"Yau babu naka, Malam. Lafiyarta ƙalau, amma ta girme ka. Ka je wurin yaron can na ƙarshen layi, ɗan akuya ya yanka. Ka ce ni na turo ka."