A faɗa mata tun kafin a shiga da ita tiyata

A shekarar 2010 wasu likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ƙarƙashin V. I. Odigie, sun wallafa abin da suka gano bayan sun bibiyi matan aure 81 da aka cire wa mama saboda ciwon daji. Wata shida da yin aikin, kusan kashi 68 cikin ɗari sun ce ba sa jin kansu cikakkun mata. Shekara uku bayan magani, kashi 38 cikin ɗari ba sa tare da mazajensu, an sake su ko an rabu. A asibitin da mu mutanen Taba da Hunkuyi da Maƙarfi da Ikara muke dosa idan ciwo ya gagari na kusa aka tattara wannan lissafi.

Na yi aikin jinya a ƙananan asibitocin wannan yanki har na ajiye aiki, kuma na san matanmu ba su karanta binciken ba. Ba su da buƙata. Kowace ta san wata da aka yi wa aikin, ta dawo gida maigida ya daina shiga ɗakinta, kafin shekara aka ɗaura masa aure. Shi ya sa idan mace ta shafa ta ji ƙullutu sai ta ja bakinta ta yi shiru. Ta sha jiƙo, ta shafa magani, a ce jifa ne, wani lokaci a kai ta a yi mata sakiya. Ranar da za ta iso gabana, fata ta riga ta fashe, hammata ta kumbura. Tambayarta ta farko, da murya ƙasa-ƙasa don kada 'yar rakiya ta ji, ita ce: "Malama, yankewa za a yi?"

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata sama da 32,000 suka kamu da sankarar mama a Najeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu. A ƙasashen da ake kama ciwon da wuri, mafi yawan masu shi suna rayuwa. Namu jinkirin yana da dalilai da dama, har da talauci da nisa, amma tsoron wuƙa yana cikin manyansu. Don haka nake ganin maganar sake gina mama bayan tiyata tana cikin maganin ciwon, kuma wajibi ne a yi wa mace ita tun ranar da aka ce za a yi mata aiki.

Mutane da yawa ba su ma san ana yi ba. Hanyoyin biyu ne. Akwai ta sanya ƙunshin silikon a ƙarƙashin fata ko naman ƙirji, wanda likitoci biyu a Houston ta Amurka suka fara amfani da shi a 1962. Sau da yawa sai an fara sa wata 'yar jaka ana ɗura mata ruwan gishiri kaɗan-kaɗan na wasu makonni har fata ta saki. Akwai kuma ta ɗebo nama daga jikin matar, ko daga bayanta a zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata, ko daga mararta, hanyar da likita Carl Hartrampf ya fito da ita a 1982. Ana iya yi a tiyata guda da cirewar, ana iya bari sai bayan an gama maganin kemo da gashin na'ura, ko da shekaru ne. Wadda ta zo da wuri ma, ƙullutun kaɗai ake iya cirewa a bar mata mamanta, a gyara ramin da ya bari, sannan a yi mata gashi. Tun a shekarun 1980 manyan bincike a Italiya da Amurka suka nuna cewa ga ciwon da bai yi nisa ba, wannan da cire mama gaba ɗaya tsawon rai ɗaya suke bayarwa. Da matan ƙauye sun san sammako yana iya tsirar da maman kansa, da wasu ba su kwana da ƙullutu shekara guda ba.

Kada a yi wa kowa daɗin baki. Maman da aka gina ba ya kawo ruwan nono, jinsa ba kamar na asali ba ne, tabo yana nan. Gashi yana iya sa silikon ya taurare, ɗinki yana iya ruɓewa, musamman ga mai ciwon suga. Wadda ciwonta ya bazu, ba wannan ne a gabanta ba. Akwai kuma wadda za ta ji bayanin duka ta ce ita dai ta gode Allah, ba ta ƙara kwanciya a gadon tiyata. Wannan zaɓinta ne, kuma na girmama shi. Abin da ban yarda da shi ba, a zaɓa mata ta hanyar yin shiru.

Na sha jin abokan aiki suna cewa ana ta kai, wa ke ta kaya? Suna da hujja. Iyali sun jinginar da gonar rake, sun sayar da tumatirin bana tun yana gona don kuɗin kemo, injin gashi a ƙasar nan bai wadata ba, sannan a zo musu da zancen gina mama? To amma bayani ba ya cin ko sisi. Kuma tsakanin tiyata mai tsada da barin mace haka nan akwai tsani mai araha: mama na roba ko na saƙa da ake sawa cikin aljihun rigar mama. Na taɓa ganin wata uwargida da ta cusa tsumma, ya zame mata a gidan biki, daga ranar ba ta sake fita taro ba. Telolin mata na Hunkuyi da Kudan da ke ɗinka kayan amare ba za su gaza ɗinka rigar mama mai aljihu ba idan an nuna musu sau ɗaya. Rashin nauyi a gefe guda yana iya karkata kafaɗa, ya jawo ciwon wuya da baya, saboda haka ko ta fuskar lafiyar jiki abin ya wuce kwalliya.

Sai tambayar da ba a cika yi wa likita ba, amma ana yi mini a soro: shin ba canza halittar Allah ba ne? Ni ba malamar fiƙihu ba ce, amma malamai sun riga sun yi magana. A Yulin 2007, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta Malesiya, ta halatta tiyatar gyara nakasar da ƙuna ko haɗari ko ciwo ya jawo, ta kuma ambaci sake gina mama bayan an cire shi. Ɗaliban hadisi sun san labarin sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Ina roƙon limamanmu da malaman Islamiyya su faɗi wannan a majalisin maza. Mazan ne ke sa hannu a takardar tiyata, su ne ke riƙe da kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa da ke Shika, su ne kuma mazajen kashi 38 ɗin can. Mijin da ya ƙaurace wa matarsa don an cire mata mama, babu likitan da zai ɗinke abin da ya yaga, kuma bai kamata a ɗora wa mace wata tiyata don a riƙe mata irin wannan miji ba. Idan za ta yi, ta yi don kanta.

Ga gwamnati kuma, hanyar ba sabuwa ba ce. Tun 1998 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa inshorar da ta biya kuɗin cire mama ta biya na sake gina shi, har da na roba. Mu ma muna da abin ɗora wannan a kai. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya haɗa da sankarar mama, kuma asibitin Shika yana cikin shida na farko da aka fara da su. Akwai dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022, akwai hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, KADCHMA. Ba na cewa gobe a biya wa kowa silikon. A fara da abin da aljihun jiha zai ɗauka: duk matar da aka cire wa mama ta bar asibiti da na roba da rigar mama biyu, a kuma haɗa ta da likitan gyaran jiki kafin ranar aiki, a yi mata bayani da Hausa, mijinta yana zaune. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Maƙarfi, waɗanda su ne za su riƙe ƙananan asibitocinmu, a koya musu yadda za su amsa tambayar nan ta yankewa, domin su ake fara yi wa ita, tun kafin mace ta yanke shawarar ko za ta hau mota zuwa Zariya.