Mawaƙin Gambara da La'adar Manajansa

Yau zan ajiye batun jami'a da matsalolinta, in leƙa wata kasuwa da yawancin takwarorina malamai kan wuce ta gefenta suna toshe kunne, wato kasuwar waƙar gambarar zamani, wadda matasa ke kira hip-hop. Daɗin kiɗan ko rashin daɗinsa ba shi ne a gabana ba, kowa da kunnensa. Abin da ke gabana shi ne kuɗin da ke bi ta tafin hannun yaran nan yana zubewa ƙasa, saboda babu mai tara musu shi, da kuma mutumin da ya kamata ya yi wannan aiki, wanda suke kira manaja.

A Mahuta nake zaune, kudu da kogin Kaduna, a kan hanyar Kachia, ba nisa da matatar mai. Wannan ɓangare na gari albashi ne ya raine shi. Matatar da aka buɗe a 1980 da masaƙun Kakuri su ne suka ciyar da dubban gidaje daga Makera zuwa Sabon Tasha. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, matatar kuwa ta shafe shekaru ba ta tace ko ɗigo. Yaran da aka haifa a wancan tsakani su ne samarin yau, kuma ba su gaji katin shiga ma'aikata daga iyayensu ba. Wasunsu sun kama acaba, wasu gyaran waya, wasu kuma sun kama shago guda suka liƙa katifa a bango, suka ajiye kwamfuta da makirufo, suka ce situdiyo ne. A cikin irin waɗannan shaguna ake waƙa da Hausa gauraye da Turanci da buroka, yaron Bajju da na Gbagyi da Bahaushe a kan kiɗa ɗaya. Kuma suna da hujjar sa rai. Sun ga DJ AB ya tashi daga garin nan tare da abokansa na YNS har ya yi waƙa da Mr Eazi, sun ga ClassiQ daga Bauchi da Morell daga Borno, sun ga tashar Arewa24 ta ware wa irin waƙarsu shiri na musamman.

Kusan dukkansu mawaƙa ne masu zaman kansu, ma'ana babu kamfanin da ya ɗauke su. Yaro shi zai rubuta baitinsa, ya biya mai haɗa kiɗa, ya biya situdiyo, ya ɗora waƙar a Audiomack ko Boomplay ko YouTube, ya yanki wani ɓangare ya jefa a TikTok. Suna alfahari da wannan 'yanci, ni ma ina taya su. Sai dai 'yancin yana tafe da kaya, domin duk aikin da kamfani ke yi da ma'aikata goma ya dawo kan mutum ɗaya: shi ne mai talla, shi ne akanta, shi ne lauya, shi ne mai bin bashi. Wanda Allah ya ba baiwar sarrafa harshe ba lallai ne ya ba shi ƙarfin zuciyar cewa mai biki "ba zan zo ba sai na ga kuɗi" ba. Galibi ma akasin haka ne, mai fasaha ya fi kowa jin kunyar ciniki.

To, wa suke kira manaja? A mafi yawan abin da na gani, aboki ne na unguwa wanda ke riƙe wayar mawaƙi idan ya hau dandali, ya ɗauki hoto, ya kori yara, a sa lambarsa a ƙasan fosta. Ba ya karɓar komai sai abin da aka ga dama aka ba shi, don haka ba a tambayarsa lissafin komai. Akwai kuma nau'i na biyu, wanda ya fi hatsari: mai ɗan abin hannu da ya biya kuɗin bidiyo sau ɗaya ko biyu, daga nan ya ɗauka ya sayi yaron da muryarsa. Na farko ɗan rakiya ne, na biyu ubangida. Manaja wani abu ne dabam, kuma Bahaushe ya san shi tun kafin kalmar ta zo.

Abin da ya fi kama da shi a tarihinmu shi ne maigidan fatake. Masanin nan Abner Cohen ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafinsa a 1969, inda ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ke tafiya a tsakanin Arewa da Kudu. Falke zai iso da garkensa garin da bai san kowa ba, bai san wane mahauci ke biyan bashi ba, wane ke gudu. Sai ya sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki, dillalansa su nemo mai saye, a tsayar da farashi, a ba da shanu bashi, shi kuma ya tsaya a matsayin lamuni har kuɗi su fito. Abin da gidan ke ci shi ne la'ada. Shanun ba su taɓa zama na maigida ba, kuma ran da ya ci amanar falke ɗaya, labari zai kai Arewa kafin jirgin ƙasa ya koma, gidansa ya mutu. Manajan mawaƙi na gaskiya haka yake. Ya san kasuwar da mawaƙi bai sani ba, yana cin kaso daga abin da ya shigo, kayan kuma na mai su ne. A kasuwar waƙa ta duniya wannan kaso yakan kama daga kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Idan mawaƙi bai samu ba, manaja bai samu ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa yaro ya kawo kuɗin rajista kafin ya zama manajansa, ko ya nemi a rubuta waƙoƙin da sunansa, ya fita daga wannan sana'a ya shiga wata.

Aikin nasa ba shi da armashi, shi ya sa ba a ganinsa. Na farko dai farashi. Mai shirya wasan Sallah ko na Kirsimeti, shugabannin ɗalibai a KASU ko Kadpoly, mai bikin aure, kowa zai kira ya ce "zo ka tallata kanka". Manaja ne zai amsa wayar, ya faɗi kuɗi ba tare da murya ta yi rawa ba, ya karɓi kafin alƙalami, ya tambayi wa zai biya mota da masauki, ya tabbata an cika sauran kafin mawaƙi ya taɓa makirufo. Na san wani yaro a unguwarmu da aka gayyata wasa a wani gari, ya ci bashin kuɗin mota ya tafi da abokansa uku, ya yi waƙa jama'a suna ihu, da aka tashi sai aka nemi mai shirya taron aka rasa. Bai yi asarar kuɗin wasa kaɗai ba, ya dawo da bashi. Mutum ɗaya mai taurin ido da zai ce "a turo rabi yau" ya isa ya hana wannan.

Na biyu, wanda ya fi nauyi a wurina, takarda. Waƙa guda tana da masu haƙƙi fiye da ɗaya: wanda ya rubuta baiti, wanda ya haɗa kiɗa, wanda aka gayyato ya yi baiti ɗaya, da wanda ya biya kuɗin ɗaukar sauti. Ranar da ake situdiyo kowa ɗan'uwa ne, babu mai son ɓata zama da maganar kaso. Ranar da waƙa ta fashe kuwa, kowa zai tuna abin da aka ce da abin da ba a ce ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ci gaba da sharɗanta cewa miƙa haƙƙin mallaka ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan kariya ce ga yaron da bai sa hannu a komai ba, tarko ce kuma ga wanda ya sa hannu bai karanta ba. Mu tuna Kiss Daniel, wanda rikicinsa da kamfanin G-Worldwide ya kai kotu a 2017, har a 2018 ya sauya rubutun sunansa zuwa Kizz Daniel. Idan sunan da duniya ta san mutum da shi zai iya zama abin jayayya a gaban alƙali, ina ga waƙar da aka ɗora ta asusun wani aboki, da imel ɗinsa da lambar sirrinsa? Wannan shi ne ya fi yawa a nan. Kuɗin sauraro ta intanet, tun ma bayan shigowar Spotify Nijeriya a 2021, suna bi ne ta hannun kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid da TuneCore, su faɗa asusun wanda ya yi rajista. Waƙar Hausa kuwa ba a Kaduna kaɗai ake jin ta ba, ana jin ta a Maraɗi da Yamai da zangon Kumasi da Jidda. Mawaƙin da bai riƙe mabuɗin asusunsa ba, cinikin biri a sama yake yi.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu. Tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane, kuma kasuwar waƙa ma ta rabu haka. Abin da za a tafa wa a Barnawa ba lallai a karɓe shi a Tudun Wada ba. Wanda zai kai waƙarsa Kano dole ya san akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i, wadda a 2007 shari'arta ta kai Adam A. Zango gidan yari a kan faifan bidiyon da ya fitar ba tare da an tace ba. Manajan da ya san gari shi zai ce wa mawaƙi wannan baiti ya tsaya a gida, wancan bidiyo a sake shi, wannan gayyata ta ɗan siyasa kuɗinta na da yawa amma za ta rufe maka ƙofar rabin masu sauraronka. Ba kowane mawaƙi ke son jin haka ba. Ɗan rakiya ba zai faɗa ba, don yana tsoron a kore shi. Ubangida ba zai faɗa ba, don sau da yawa shi ne ɗan siyasar.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa da an samu manaja an huta. Misalin da na fi ba ɗalibaina shi ne na Chance the Rapper, ɗan birnin Chicago a Amurka, wanda ya zama abin koyi ga duk mawaƙi mai zaman kansa. Ya ƙi shiga kowane kamfani, shi da manajansa Pat Corcoran suka gina komai da kansu, daga wasanni da sayar da huluna da riguna. Kundinsa Coloring Book na 2016, wanda ta intanet kaɗai aka saurare shi, ya kai shi ga lambobin Grammy uku a 2017. Babu mai musun cewa aikin manajan na cikin wannan nasara. Amma duk tsawon shekarun nan babu takarda a tsakaninsu, da baki suka yi magana. A 2020 suka raba gari, mahaifin mawaƙin da ƙanensa suka karɓi ragama, Corcoran ya shigar da ƙara yana neman miliyoyin daloli, yana cewa sun yi alkawarin kashi 15 cikin 100 kuma zai ci gaba da karɓa na shekara uku bayan rabuwa. Mawaƙin shi ma ya shigar da tasa. Mutumin da aikinsa shi ne ya sa kowa ya rubuta, shi bai rubuta nasa ba. A gida ma mun ga yadda P-Square suka watse a 2017, alhali manajansu yayansu ne, Jude Okoye, ciki ɗaya. Jini bai maye gurbin lissafi ba. Inda kuma babu lissafi, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ko kuma gardin ne ya sha wahalar banza. A ɗaya gefen akwai Efe Omorogbe, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da harkokin 2Baba, har sunansa ya zama abin misali a sana'ar.

Wani zai ce, Malam, kashi 15 na babu ai babu ne. Yaron da bai taɓa samun naira dubu hamsin a waƙa ba, da me zai riƙe manaja? Gaskiya ne, kuma a wannan mataki ba ya buƙatarsa. Abin da yake buƙata shi ne ya buɗe asusunsa da sunansa, ya rubuta kason kowa a takarda ko da ta littafin makaranta ce, kowa ya sa hannu. Lokacin manaja yana zuwa ne ran da waya ta fara ƙara da tayin da yaro bai san farashinsa ba. Kuma babu dokar da ta ce manaja ɗaya mawaƙi ɗaya. Maigidan Sabo ba falke ɗaya yake saukewa ba.

A nan ne abin ya shafe ni a matsayina na malami. Kowace shekara muna yaye ɗalibai a fannin akanta da shari'a da aikin jarida da kasuwanci, su dawo Mahuta da Narayi da Kamazo suna zagaye da takardun neman aiki. A layinsu kuwa akwai mawaƙa uku ko huɗu da ke asarar kuɗi saboda rashin wanda ya iya karanta yarjejeniya. Ba na zaton akwai wanda ya taɓa ce musu wannan ma sana'a ce. Audu Maikori, ɗan jihar nan, lauya ne, kuma da ilimin shari'a ya shiga harkar har suka kafa Chocolate City a 2005, kamfanin da ya fito da M.I da Ice Prince daga Jos. Matashin da zai gwada ba ya buƙatar ofis. Yana buƙatar takarda mai shafi ɗaya ko biyu da ta faɗi kasonsa, da irin kuɗin da kason ya shafa, da tsawon wa'adi (ni dai shekara ɗaya nake ba da shawara a farko, a sabunta in an ji daɗin juna), da abin da zai biyo baya idan an rabu. Ta kuma faɗi cewa waƙoƙi da suna da asusu na mawaƙi ne, kuma duk ƙarshen wata za a zauna a buɗe littafi, mawaƙi ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita da idonsa.

Saura batun ƙungiyar MCSN, wadda ke karɓar kuɗin haƙƙi daga gidajen rediyo da otal-otal a madadin mawaƙa, da dalilin da ya sa ban cika haɗuwa da mawaƙin gambara a Kaduna da ya yi rajista da ita ba. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.