Tashe ba bara ba ne, ƴan lakwal

Akwai wata cuta da ta kama mu ƴan lakwal na Adar. In anka nuna ɗiyan Turawa cikin fim sun tsaya bakin ƙofa suna waƙar Kirsimeti, sai ka ji ana "kai, wayewa!" In ko ƙannenmu sunka shafa gawayi, sunka liƙa gemun auduga, sunka shiga gidaje daga goma ga azumi, sai a ce bara ce, a kore su. To ku zo mu bi asalin abin da kuke yabo.

Sunan da Ingilishi ke kiran waɗannan waƙoƙi, karol, daga tsohon Faransanci ya fito, kuma rawa ce ta da'ira, kamar gaɗar ƴan mata a dandali. Limaman coci na wancan zamani sun sha la'antar ta. A ƙauyukan Ingila kuwa talakawa ne ke bin gidajen masu hali cikin hunturu, su yi waƙa, a ba su abin sha, ko abinci, ko ƴan kuɗi. Wasu waƙoƙin har da barazana ga mai gidan da ya yi rowa. Mi ya raba wannan da tashe? A 1647 majalisar Ingila ta haramta bikin Kirsimeti ɗungurungum, bai dawo ba sai da sarauta ta dawo a 1660. Waƙoƙin sunka laɓe a bakin mutanen ƙauye, har Davies Gilbert a 1822 da William Sandys a 1833 sunka tattara su cikin littattafai. Abin da kuke gani a fim, barar talaka ce da anka wanke, anka sa ma riga.

Namu fa? Tashe daga tashi ya samo suna, tada mutane sahur. Dubi Jatau Mai Magani: yaro ne ke jero sunayen itatuwa da saiwoyi, waɗanda yawancinmu masu BEPC ba mu iya nuna ko uku a daji. Mairama da Daudu kuwa, ƴan mata ne ke kwaikwayon zaman aure gaban uwayensu, suna faɗin abin da babba ke jin nauyin faɗi. A Kano har sarauta gare shi, Nalako, mai farautar gwauraye. Wane tiyata na lisé ya kai wannan iya ba'a?

Za ku ce ɓata-gari na fakewa da shi. Gaskiya ne, shi ya sa ƴan sandan Kano sunka hana tashe a azumin 2024. Amma ɓarawo na shiga kasuwar Madawa, an taɓa rufe ta don haka? A kama mai wuƙa, a bar mai gemun auduga. Masu cewa bidi'a ce kuma, wa ya gaya musu ibada ce? Wasa ne. Kiristocin Galmi, nan kusa da mu, da Hausa suke tasu waƙar Kirsimeti, ba su sunkuyar da kai ba. Mu ne kaɗai ke jin kunyar kayan gidanmu.

Kowa cikinmu na da waya ko yana da abokin da ke da ita. In an ba da hutu, wanda ya tafi Buza ko Keita ya zauna gaban kakarshi, ya ɗauki tashen da ta yi tana yarinya, ya rubuta sunan garin, ya kawo mu buga a fitowa ta gaba. Kuma don Allah a rubuta shi da bakin Adar yadda ta faɗe shi, kar wani ya maida muna shi Kananci.